Minti Biyar na Lauya

Litinin, 6 ga wata

Zuwa ga 'yata Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yarinyar da aka ce mini kin haifa, wadda har ta isa shiga makaranta ban ga ko hotonta ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da kunne. Kunnen ne ya sa nake rubutu. A waya sai in ta cewa na'am, na'am, har mai kiran ya gaji ya kashe. Ko da kunnen garau yake ma, na san ba ɗauka za ki yi ba. Adireshin nan 'yar ƙanwata ce ta ba ni. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Ki yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a firamare, sauran babanki ne ya ƙarasa mini a kan teburin cin abinci, yana gyara ni kamar zai ba ni digiri.

Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ba ki zo ba. Ban rubuto don in yi miki gori ba, ke kika san dalilinki. Gidan yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini yawa. Ɗaki huɗu, biyu nake shiga. Ina dafa shinkafa kofi ɗaya ta kwana biyu. Da rana ba abin da ke magana a gidan nan sai firij, shi ma in an kawo wuta. Shekara arba'in da uku ina roƙon Allah mutumin nan ya yi shiru in ji tunanina. Yanzu ya yi, na saurara, ashe ba wani tunanin kirki gare ni ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jami'a za ta sa sunansa a babban ɗakin lacca, ranar ashirin ga wata. Eh, jami'ar da ta kore shi. Dogo ne ya zo ya faɗa mini. Kin tuna Dogo, ɗalibinsa da ke cin abinci a gidanmu kusan kullum, wanda kike cewa cikinsa ba shi da ƙasa. Yanzu farfesa ne, shi ne shugaban sashen, ya yi tumbi har maɓallin rigarsa na neman ceto. Ya durƙusa ya gaishe ni, Mama kaza, Mama kaza. Suna son takardun Malam, kuma suna son ɗan agogon nan na girki mai kamar ƙwai, wanda ake murɗawa ya yi ƙararrawa. Wai za su sa shi cikin akwatin gilashi a bakin ƙofa.

Dogo ya ce mini ai agogon nan tarihi ne, Malam ne ya ƙirƙiro tsarin. Na ce masa ko? Na bar shi a haka. Ke kin san asalinsa, amma bari in rubuta, don in na mutu ba wanda zai faɗa. Lokacin babanki yana koyar da muhawara a sakandare, keke gare shi, ba a haife ki ba. Duk gardamar da muka yi, kafin in kai rabin magana ya riga ya ba ni amsa uku. Ranar da na gaji na ɗauko agogon daga kicin na dangwara a gabansa, na ce ƙwai ma ana ba shi minti biyar ya dahu, ni ma a ba ni nawa. In ya yi ƙara ka yi magana. Ya yi ta dariya har da hawaye, amma ya yi shiru. Daga ranar ta zama dokar gidanmu: duk wanda ya murɗa agogo, ba mai katse shi.

Da ya koma jami'a ya zama malamin balaga, wato yadda ake harhaɗa magana ta shiga kan mutum ta zauna, sai ya sace mini agogon ya tafi da shi aji. Ya ajiye kujera ɗaya a gaba, duk ɗalibin da bai yarda da shi ba ya zo ya zauna ya murɗa, ya faɗi abin da ya ga dama. Har suka sa masa Malam Minti Biyar. Kullum da yamma yana dawo mini da shi cikin aljihu, yana warin alli. Littafi biyu ya rubuta kan cewa kowa na da hakkin ya buɗe baki, da shirinsa na rediyo duk Asabar. Da gwamnati ta kawo dokar nan ta cewa ba mai buga jarida ko ya tara mutane ya yi jawabi sai da takardar izini, shi ya fara tashi ya soki dokar, aka kama shi. Wata biyar ya yi a tsare, ina kai masa magani da sabulu duk Talata. Ya fito ya tarar an kore shi.

To agogon dai na duba ban gan shi ba. Rabona da shi tun ranar da kika bar gidan nan, shekara goma sha ɗaya. Ban manta komai ba. Sati ɗaya da sakinsa, ƙarfe huɗu na yamma, minista ya yi jawabi a rediyo yana kare dokar, yana cewa wasu malamai ne ke rura wuta. Babanki ya saurara har ƙarshe, ya kashe rediyon ya ce wannan hannun 'yata ne. Tambaya uku, a amsa biyu, a bar wa mai sauraro ta uku ya amsa da kansa, ya ce a kan teburin nan ya koya miki. Kuma ga shi a ofishin rubuta jawabai na ma'aikatar kike aiki. Kika dawo, jakarki na rataye a kafaɗa, ya tare ki da maganar. Kika wuce kicin kika ɗauko agogon kika murɗa kika ajiye. Shi kuma ya miƙa hannu ya ɗauka ya sa a aljihu. Ina jin ƙararrawar ta kaɗa a cikin aljihunsa kin riga kin kai titi.

Har yau ban san abin da za ki faɗa ba. In za ki zo taron, ki zo. In ba za ki zo ba, ki rubuto ki ce ba za ki zo ba, in daina leƙa taga in na ji mota.

Ki gaida mutanen gidan.

Innarki

Alhamis, 23 ga wata

Lauya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ku duka lafiya. Ni gwiwar ta ɗan yi sauƙi, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu ta ba ni wani man shafawa mai warin fetur. Amsarki ba ta zo ba, ke ma ba ki zo ba. Na sa an bar kujera kusa da ni a taron, sai matar wani babba ta ɗora jakarta a kai.

An yi taron. Sun aiko mota. Ɗakin ya sha fenti, har yanzu yana wari, an sa hoton babanki babba, wanda ya ɗauka kafin haƙoransa su zube. Akwatin gilashin na nan, sun sayo wani sabon agogo a kanti sun sa a ciki, ja, mai kamar tumatir. Ɗalibai na ta ɗaukar hoto da shi. Sun rubuta mini abin da zan karanta, layi shida, wai ina godiya ga hukumar jami'a. A ɗakin da aka sa wa sunan mutumin da aka ɗaure don kowa ya faɗi nasa. Na ce musu na manta tabarau. Yana cikin jakata.

Mutum bakwai suka yi magana. Duk sun ce jarumi ne. Biyu daga cikinsu na gane su, da yana tsare in suka hango ni a kasuwa sai su shiga layin masu kifi. Wani ya ce abin baƙin ciki shi ne bayan an soke dokar an mayar da shi aiki, Malam bai sake yin wata babbar lacca ba, tsarewar ce ta karya shi. Haka kowa ke cewa. Zan zo kan wannan wata rana.

Sai Dogo ya tashi. Sun sa lasifika dab da kunnena mai kyau, don haka na ji shi tas. Ya iya magana, ba ƙarya, cokalinmu bai tafi a banza ba. Can tsakiya ya ce bari ya ba mu labarin wata tsohuwa a ƙauyensu, mai ido ɗaya, da ke rataye makullin ɗakinta a wuya da shuɗin zare. Wai kullum da safe sai ta buɗe tagoginta duka, ta ce ɗakin da iska ba ta shiga ciwo ke kwana a ciki. Ya ce haka ƙasa take, haka Malam ya koya musu. Aka yi tafi.

Lauya, ni na san tsohuwar nan. Na taɓa jin ta a rediyo shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a bakin minista. Ido ɗaya, makulli a wuya, shuɗin zare. Sai dai a wancan karon ba taga take buɗewa ba, ƙofa take kullewa, wai ba don ta tsani maƙwabta ba sai don ta san akwai ɓarayi. Kuma kafin rediyo na taɓa jin ta a kicin ɗina, Dogo yana jiran a sauke tukunya yana ba ni labarin kakarsa. Ranar rediyon ban haɗa ba, hankalina na kan fuskar babanki. Sai da na ji ta daga bakin mai ita.

Kin ga bambancina da babanki. Shi in ana magana ƙashin maganar yake saurara, ina aka sa tambaya, ina aka ja numfashi. Ni mutanen da ke ciki nake ji. Ya ji tambaya uku ya ce ke ce, ya manta cewa a kan teburin da ya koya miki akwai wani zaune a gefe yana cin burodinmu yana ji. Kuma ke tun kina ƙarama ba ki taɓa iya barin tambaya ba amsa ba, ke za ki yi ke za ki amsa, shi ya sa ma aka sa miki Lauya. Farfesa guda, kunnen da ake zuwa daga wasu ƙasashe a tambaya, bai san 'yarsa ba.

Da aka tashi ana shan lemo, Dogo ya zo ya raka ni mota. Na ce wa direban ya ɗan ba mu wuri. Na ce Dogo, yaya tsohuwar nan, har yanzu tana kulle ƙofa ko ta koma buɗe taga? Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya a rabi. Na ce kai ka rubuta wa minista. Ba tambaya na yi ba. Ya dubi takalminsa. Ya ce Mama, lokacin an ce za a kori duk ɗaliban Malam daga koyarwa, matata na da ciki, aka kira ni aka ce in taimaka da shafi uku. Na ce ban tambaye ka cikin matarka ba. Ka san an kori 'yata daga gidan ubanta a kan shafi ukun nan? Ya ce ya sani. Na ce kuma ka ci gaba da zuwa kana cin abincina. Ya ce Mama, ai na faɗa wa Malam. Shekara uku kafin ya rasu na same shi a ofis na faɗa masa komai, na zaci ya gaya miki.

Bai gaya mini ba. Shekara uku yana kwana yana tashi da ni da wannan a cikinsa.

Na shiga mota na ce a kai ni gida. Ban yi kuka ba, kin san ni. Na cire kayan fita, na wanke kofin da na bari da safe, na zauna a falo har aka kira magariba. Ina so in yi faɗa, wanda zan yi wa yana ƙarƙashin ƙasa.

Na rubuto ne don ki san na sani. Ba ke ba ce. Na makara da shekara goma sha ɗaya, amma ga shi.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki

Lahadi, 9 ga sabon wata

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da jikata. Da fatan sanyin da aka ce ana yi a wajenku bai dame ku ba. Ni ina nan. Har yanzu shiru daga gare ki, to ba komai, ni ce mai magana yanzu.

Dogo ya aiko mutane biyu da kwalaye su kwashe takardun. Na ce su ajiye kwalayen su tafi, ni zan zuba da hannuna. Kwana tara na yi a ɗakin karatunsa. Ba na gane rabin abin da ke ciki, amma na san kowace takarda da abin da nake yi ranar da aka karanta mini ita. Wannan ina guga. Wannan ina yankan albasa. Wannan ranar kina zazzaɓi.

Don akwai abin da jami'a ba ta sani ba, ke ma ba lalle ki lura ba kina yarinya. Babanki bai taɓa fita da jawabi ba sai ya karanta mini shi tukuna. Lacca, shirin rediyo, har wasiƙar da zai aika wa jarida. Yakan tsaya a ƙofar kicin da takarda, ni ina aikina. In na ci gaba da aiki, wurin bai yi ba, sai ya soke. In hannuna ya tsaya, ya san ya kama. Wani lokaci in ce masa to sai me, ya koma ɗaki yana ƙunƙuni ya sake. Ya ce in matar da ta yi aji uku ba ta gane ba, laifin mai maganar ne. Abin da bai bi ta ƙofar kicin ba ba ya fita daga gidan nan. Ko sau ɗaya bai karya wannan ba, har ya zama kamar camfi a wurinsa.

Washegarin tafiyarki ya zo ƙofar da takarda. Na ce masa tunda ba ka saurari 'yata ba, kada ka sake kawo mini takarda in saurara. Kuma na riƙe maganata. Kin san ni da riƙo. Na dafa masa, na wanke masa, na yi jinyarsa, amma kunnena na rufe. Shi ya sa bai sake yin babbar lacca ba. Ba tsarewa ce ta karya shi ba, ni ce. Ina sane, kuma a lokacin ina ganin daidai na yi. Ina ganin ke nake rama wa.

A aljihun teburinsa na ƙasa, wanda ke cijewa sai an ɗaga an ja, na sami agogon. An naɗe shi da hankici. A ƙarƙashinsa akwai fayil, wasiƙa ce zuwa gare ki, an rubuta ta sau goma sha huɗu. Ya sa wa kowace lamba da kwanan wata, ta farko sati ɗaya bayan Dogo ya same shi. Duk ya bi su da jan biro kamar aikin ɗalibi. A gefe ya rubuta, nan ya yi tsawo. Nan kare kai ne. Nan ba ƙarfi. A ta tara ya rubuta, ana jin malami, ba a jin uba. Ta goma sha huɗu layi biyar ce kawai, ba jan biro ko ɗaya. A ƙasanta ya rubuta da fensir, saura a karanta mata. Ni ke nan.

Sai na tuna. A shekarun nan na ƙarshe yakan zo ya tsaya a ƙofar kicin, hannu ɗaya a bayansa. In ce mene ne? Ya ce ko kin ga tabarauna. Yana kan hancinsa. In ce yana kan hancinka, tsufa ya kama ka. Ya ce au, ya juya. Ya fi sau goma. Har na faɗa wa nas ina ganin Malam ya fara ruɗewa, ta ce in riƙa ba shi kifi.

Kada ki ɗauka ina wanke shi. Mutum ne da ya tsaya gaban masu bindiga ya yi magana awa biyu, amma ya kasa sa takarda a ambulan don matarsa ba ta ji ba. Wannan wauta ce, ko da digiri nawa aka yi ta. Yana da ƙafa, gidan waya na bayan tashar bas. Kuma yana da baki, da ya ce mini na yi kuskure, da na ajiye wuƙar. Amma ni ma ina da ido. Na ga hannun a baya. Na san ba tabarau ba ne. Na ƙi tambaya don ina jin daɗin ganin shi ma an hana shi.

Jiya da hantsi na kai fayil ɗin kicin. Na tsaya a ƙofar, inda yake tsayawa, na karanta ta goma sha huɗun da ƙarfi, ba kowa sai tukwane. To ta bi ta ƙofar, ta iya fita. Ga ta nan na sa miki, tare da sauran goma sha ukun, don ki ga wahalar da ya sha kafin ya iya magana kamar mutum. Jami'a ba za ta ga waɗannan ba. Agogon kuma na riƙe, nawa ne tun asali. Su ci gaba da tumatir ɗinsu.

Har yanzu ba a biya ki minti biyar ɗinki ba. Shi ba zai iya ba. Ni ina nan, amma ba zan daɗe ina nan ba, wannan ba barazana ba ce, shekaru ne.

Ki huta lafiya.

Innarki

Laraba, 2 ga wata

Lauya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo ranar Asabar. Na gode Allah da kuke lafiya. Hoton ma na gani. Yarinyar goshin kakanta ta ɗauko, Allah ya sa ba bakinsa ba. Na jingina shi da gwangwanin shayi inda zan riƙa gani.

Shafi goma sha ɗaya kika rubuto, kuma rubutunki ƙanana kamar tururuwa. Na share teburin, na ɗauko agogon na murɗa na ajiye, na fara. Ya yi ƙara ina rabin shafin farko. Na sake murɗawa. Sau ashirin da shida na murɗa shi kafin in kai ƙarshe. Nas ta leƙo ta taga ta ce Mama ƙwai nawa kike dafawa yau? Na ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ban tashi ba, ban sha ruwa ba, ban ce uffan ba ko a zuciyata, duk da akwai wurare biyu da bakina ya yi ƙaiƙayi. Ban katse ki ba.

To na ji. Kin ga Dogo da idonki yana fitowa daga ofishin minista da fayil. Kin ajiye aikin a ranar, takardar ajiyewar na cikin jakar da ke kafaɗarki, kin zo ki nuna wa babanki ki ce ga abin da 'yarka ta yi. Abin da za ki faɗa ke nan. Ko minti biyu ba zai ci ba.

Na ji kuma abin da kika ce a kaina, shafi huɗu. Kin ce shi kin san halinsa in ransa ya ɓaci, ba shi ya kore ki ba. Kin ce ni kika kalla. Ina tsaye da tire a hannu, ni da na kafa dokar, na ga ya sa agogon a aljihu ban ce ajiye shi ba. Kin ce kin tsaya a tashar bas har bas uku suka wuce kina jiran in biyo ki. Ban san wannan ba. Ina kicin ina shirya irin horon da zan yi masa. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa horo a kanki, ban taɓa tunanin in sa takalmi in neme ki ba. Gaskiya kika faɗa. Ba ni da amsa uku, ko ɗaya ba ni da ita. Na yi laifi, ki yafe mini. Wannan sau ɗaya na rubuta shi, ba jan biro.

Kin ce wasiƙarsa kin karanta ta farko da ta ƙarshe, sauran ba ki iya ba tukuna. Ki bar su, ba inda za su. Kin ce ba ki sani ba ko za ki iya shiga gidan nan. Ban ce dole ba. Amma kin yi tambaya a shafi na goma, ko har yanzu bas mai lamba shida ce ke tsayawa a bakin layinmu, kuma ba ki amsa wa kanki ba. Karo na farko a rayuwarki. To ni zan amsa. Ita ce, sai dai an matsar da tashar gaban kemis. In kin sauka ki tsaya nan, kada ki tako. Ki sa 'yar ƙanwata ta faɗa wa nas rana da lokaci. Da gwiwar da komai, ni zan zo in same ki.

Ɗakinki na share, katifar na fitar rana. Ki faɗa mini abin da yarinyar ba ta ci.

Agogon na kan tebur. Na ƙara masa mai, ya daina cijewa.

Innarki